Rufin Asiri ko Rufa-Rufa? Tarihin Ɓoye Raunin 'Yan Wasa a Gasar Hokin Ƙanƙara

A babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, wadda aka sani da NHL, jikin ɗan Adam kashi biyu ne kacal. Idan ɗan wasa ya ji ciwo, sanarwar da ƙungiyarsa kan fitar ba ta cika wuce ɗayan biyu ba: ko dai ya samu rauni a sashen sama na jiki, ko kuma a sashen ƙasa. Sashen sama ya haɗa targaɗen ɗan yatsa da karayar haƙarƙari da girgizar ƙwaƙwalwa. Sashen ƙasa kuwa ya kwashe komai, tun daga ciwon ƙugu har zuwa tsagewar ƙashin diddige. Wanda ya saba bin gasar Firimiya ta Ingila, inda sau da yawa ake jin wace jijiya ce ta tsinke da kuma makonni nawa za a yi ana jinya, zai ga abin banbaraƙwai.

Hausa tana da kalmomi biyu masu kama da juna da suka dace da wannan al'amari. Rufin asiri kariya ce ga mutuncin mai asirin, rufa-rufa kuwa kariya ce ga mai rufewar. Tarihin wannan al'ada ta 'yan hoki tarihi ne na yadda mayafi ɗaya ya yi ayyukan biyu, har ya kai ga da wuya a tantance wanne yake yi a kowane lokaci.

Wasan da ya mayar da juriya addini

Sai an san yanayin wasan kafin a fahimci shirun. Mutum shida-shida ne ke karawa a kan daskararriyar ƙanƙara, suna zamiya da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa riƙe da sanda. Abin da ake bugawa faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma bugu mai ƙarfi kan tura shi da gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a guda. Doka ta yarda a bangaje mai riƙe da faifan har a haɗa shi da bangon fili. Bayan doguwar kakar wasa, ƙungiyar da ke neman Kofin Stanley sai ta ratsa zagaye huɗu, a kowane zagaye ta yi ta karawa da abokiyar hamayya guda har ɗayarsu ta ci wasa huɗu. Ma'ana, mutanen da suka ga kana ɗingishi yau su ne za ka sake haɗuwa da su jibi.

Labarin da 'yan Kanada suka fi bayarwa idan ana maganar juriya shi ne na Bobby Baun, ɗan wasan baya na Toronto Maple Leafs. A watan Afrilun 1964, a wasa na shida na zagayen ƙarshe da Detroit Red Wings, ya tare bugun Gordie Howe da ƙafarsa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka ɗaure ƙafar, ya koma fili, ya kuma ci ƙwallon nasara a ƙarin lokaci. Ya ƙi yarda a ɗauki hoton ƙashin kafin wasa na bakwai, wanda Toronto ta ci 4 da 0 ta ɗauki kofi. Sai bayan nan hoto ya tabbatar da karaya daf da idon sawu.

Abin lura shi ne, Baun bai tsaya ga ɓoye wa Detroit halin da yake ciki ba. Ya hana likita sani, ya hana kansa sani, domin sanin na iya zaunar da shi a benci. Wannan ne darasin da yaran da suka taso a wasan suka haddace: namijin duniya ba ya faɗin inda ke masa ciwo.

Dalilin da ba ƙarya ba ne

Hujjar masu kare al'adar ita ce, idan abokin hamayya ya san inda ciwon yake, nan zai nufa. Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Satumban 1972, tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, zaɓaɓɓun 'yan wasan Kanada sun yi wasanni takwas da na Tarayyar Sobiyet. Tauraron Sobiyet, Valeri Kharlamov, ya addabi Kanada. A wasa na shida a birnin Mosko, Bobby Clarke ya bi shi ya maka masa sanda a idon sawu, wurin da rahotanni suka ce dama yana masa ciwo. Kharlamov bai buga wasa na bakwai ba, a na takwas kuma bai taɓuka abin a zo a gani ba, Kanada ta yi nasara a jerin wasannin. Shekaru bayan haka, mataimakin koci John Ferguson ya amsa cewa shi ne ya nuna wa Clarke inda zai daka.

Duk kocin da ya girma da wannan labari zai ga cewa bayyana raunin yaronsa tamkar zana wa maharbi taswira ne. Marubuta wasanni da dama na jingina yaɗuwar kalaman "sashen sama" da "sashen ƙasa" ga Pat Quinn, wanda ya horar da Toronto daga 1998 zuwa 2006. Quinn ya yi karatun lauya, ya kuma samo hanyar amsa tambayar 'yan jarida ba tare da ya yi ƙarya ko ya ba da wani bayani ba. Sauran masu horarwa suka ga dabarar ta yi, suka ɗauka.

Al'adar ta zama doka a 2008. A zagayen neman kofi na shekarar, Johan Franzen na Detroit ya rasa wasanni saboda ciwon kai mai alamun girgizar ƙwaƙwalwa, kuma kowa ya sani. Da ya dawo a wasa na biyu na zagayen ƙarshe, Gary Roberts na Pittsburgh Penguins ya kai masa naushi a ka. A shekarar ne manyan manajojin ƙungiyoyi suka amince da sabon tsari: an haramta wa ƙungiya ba da bayanin ƙarya ko na yaudara game da rauni, amma ba a tilasta mata faɗin takamaiman abin da ya faru ba. Wato a bar kaza cikin gashinta, da izinin hukuma.

Maƙwabcin da ya ɗauki wata hanya

Gasar ƙwallon zari-ka-ruga ta Amurka, NFL, ba ta gaza hoki haɗari ba, amma tun 1947 take tilasta wa ƙungiyoyi wallafa sunayen masu rauni kafin wasa. Ba tausayin 'yan kallo ne ya kawo dokar ba. Ana gab da wasan ƙarshe na 1946, aka gano cewa wani ɗan caca mai suna Alvin Paris ya yi wa 'yan wasan New York Giants biyu, Frank Filchock da Merle Hapes, tayin cin hanci. Kwamishinan gasar, Bert Bell, ya fahimci cewa 'yan caca ba sayen wasa kaɗai suke yi ba, har labarin cikin gida suna saye. Wanda ya san cewa hannun jagoran 'yan wasa ya lalace, alhali sauran jama'a ba su sani ba, yana riƙe da kaya mai tsada. Maganin da Bell ya ga ya dace shi ne a raba labarin ga kowa kyauta, farashinsa ya faɗi. Har yanzu ana hukunta mai saɓawa. A 2009 an ci tarar New York Jets da manajanta da tsohon kocinta jimillar dala 125,000 saboda ƙin bayyana raunin hannun Brett Favre a kakar da ta gabata.

Ita ma NHL ta sha nata abin kunyar a zamanin. A 1948 shugabanta Clarence Campbell ya kori Billy Taylor da Don Gallinger daga gasar saboda caca, hukuncin da ba a ɗage ba sai 1970. Sai dai ita ta hukunta mutanen ta bar tsarin yadda yake. Gasa biyu sun haɗu da cuta iri ɗaya a shekaru kusan ɗaya, kowace ta sha magani daban. Amma akwai inda suka yi tarayya: ko a inda aka zaɓi bayyanawa, martabar wasan da amincin sakamakonsa aka duba, ba lafiyar ɗan wasa ba.

Ranar wanka

Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. A hoki, ranar wanka ita ce ranar da aka fitar da ƙungiya daga gasa, lokacin da babu sauran abokin hamayya da za a ɓoye wa komai. A ranar ne ake karanto jerin raunuka kamar ana karanto lambobin yabo. A 2013, Patrice Bergeron na Boston Bruins ya buga wasan ƙarshe da Chicago Blackhawks da karyayyen haƙarƙari da yagaggen guringuntsi, kafaɗarsa ta goce a cikin wasan, daga fili kuma aka wuce da shi asibiti inda aka tarar huhunsa ya huje. A 2023, Matthew Tkachuk na Florida Panthers ya karye a ƙashin ƙirji a wasa na uku na zagayen ƙarshe, ya buga wasa na huɗu a haka, har sai da aka taimaka masa ya tashi daga gado a ranar.

Jama'a kan ji waɗannan labarai su yi ta jinjina. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane ne ya ba da izinin mutum ya shiga filin da ake bangaza da karyayyen ƙashin ƙirji, kuma wa zai iya ƙalubalantar izinin tun da sauran lokaci? Likitan da ya duba shi ƙungiya ce ta ɗauke shi aiki. Kocin da ya sa shi a fili nasara yake nema. Shi kansa ɗan wasan tun yana yaro aka koya masa cewa zama a benci abin kunya ne. Idan mutanen waje ba su san komai ba sai "sashen sama", to duk masu yanke hukuncin ɓangare ɗaya suke kallo.

Eric Lindros ya gwada yin magana, ya ga abin da ya biyo baya. A watan Afrilun 1999, bayan wasa a Nashville, abokin ɗakinsa Keith Jones ya tarar da kyaftin ɗin na Philadelphia Flyers kwance cikin bahon wanka, jikinsa ya yi fari fat. A asibiti aka gano huhunsa ya lotse, jini ya taru a ƙirjinsa. Iyalinsa suka zargi ƙungiyar da yunƙurin sa shi a jirgi zuwa gida maimakon kai shi asibiti mafi kusa, dangantaka ta yi tsami. A watan Maris na 2000 ya fito fili ya soki ma'aikatan lafiyar ƙungiyar kan rashin gano girgizar ƙwaƙwalwar da ya ci gaba da wasa da ita. Cikin 'yan kwanaki aka tuɓe shi daga kyaftin. Babban manajan ƙungiyar a lokacin shi ne Bobby Clarke, mai sandar nan ta Mosko.

Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, Jack Eichel na Buffalo Sabres ya samu matsala a guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa. Shi yana son a sa masa na roba, aikin da ba a taɓa yi wa ɗan wasan gasar ba, ƙungiyar kuma tana son a haɗe ƙasusuwan. Yarjejeniyar aiki tsakanin gasar da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ba wa mai biyan albashi ta cewa ta ƙarshe. Aka yi watanni ana ja-in-ja, shi ma aka karɓe muƙamin kyaftin daga hannunsa, sannan aka sauya masa sheƙa zuwa Vegas Golden Knights a watan Nuwamban 2021. A can aka yi masa aikin da ya zaɓa, ya kuma ɗauki kofi da su a 2023. Idan har asirin jiki na ɗan wasa ne, kamar yadda masu kare al'adar ke cewa, me ya sa hukunci a kan jikin ya zama na wani?

Ciwon da ba ya fitowa a hoto

Inda shiru ya fi yin ɓarna shi ne raunin ƙwaƙwalwa. Adalci ne a faɗi cewa NHL ta fara gwajin lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa tun 1997, ta haramta wasu nau'o'in bangaza a ka a 2010, a 2011 kuma ta wajabta a kai wanda ake zargin ya bugu wuri mai natsuwa likita ya duba shi. Amma shekarar 2011 ɗin ta nuna girman matsalar. Ranar 1 ga Janairu aka bugi Sidney Crosby, fitaccen ɗan wasan zamaninsa, a ka. Ya sake buga wasa bayan kwana huɗu, aka sake bugunsa. Da farko an yi tsammanin hutun ɗan lokaci zai yi, amma bai dawo ba sai 21 ga Nuwamba. A watan Mayun shekarar, Derek Boogaard, wanda aikinsa a fili dambe ne, ya rasu yana da shekara 28 sakamakon haɗa barasa da maganin kashe zafi mai ƙarfi. Binciken ƙwaƙwalwarsa a Jami'ar Boston ya nuna cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugu a ka.

Labarin Crosby ya nuna cewa wani lokaci likitan ma bai san tsawon jinyar ba, don haka ba kowane gajeren bayani ne yaudara ba. Amma idan aka cusa girgizar ƙwaƙwalwa cikin buhu ɗaya da targaɗen yatsa, masu bincike na waje da iyayen yara masu koyon wasan ba su da hanyar ƙirga yawanta daga abin da ake sanarwa. A 2013 tsofaffin 'yan wasa suka kai gasar ƙara, suna zargin ta ɓoye musu haɗarin. A watan Nuwamban 2018 aka sasanta kan kusan dala miliyan 19 ga mutum sama da 300, inda kowane zai samu kimanin dala 22,000 a hannu, gasar kuma ba ta amsa wani laifi ba.

Da kuɗi suka shigo

Abu biyu sun ƙara wa asirin rauni daraja a kasuwa. Na farko shi ne iyakar albashi da aka kafa a 2005, wadda ta ƙayyade jimillar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. Dokar ta ba da sassauci idan ɗan wasa ya shiga jerin masu doguwar jinya, kuma a da ba ta aiki a zagayen neman kofi. A 2021, Nikita Kucherov na Tampa Bay Lightning ya rasa dukan wasanni 56 na kakar bayan aikin ƙugu, ya dawo a ranar farko ta zagayen neman kofi, ya fi kowa tara maki, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi da tawagar da albashinta ya haura iyakar dala miliyan 81.5 da kusan miliyan 18. Gasar ta duba ta ce ba a karya doka ba, kuma aikin da aka yi masa na gaske ne. Amma inda jama'a ba su da bayani, zargi ne ke cike gurbin, har mai gaskiya ma ya rasa abin wanke kansa. Sabuwar yarjejeniyar aiki ta 2025 ta tanadi iyakar albashi a zagayen neman kofi don toshe wannan kafa.

Na biyu shi ne caca. Ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. A watan Oktoban shekarar NHL ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin MGM Resorts, kwamishina Gary Bettman kuma ya nuna cewa hakan ba zai sauya tsarin sanar da rauni ba. Kanada ta halatta caca a kan wasa guda a 2021. A 2023 aka dakatar da Shane Pinto na Ottawa Senators wasa 41 kan saɓa dokokin caca, ko da yake gasar ta ce ba ta ga shaidar ya yi caca a kan wasanninta ba. A 2024 kuma gasar ƙwallon kwando ta NBA ta kori Jontay Porter na Toronto Raptors har abada, bayan ta gano ya tsegunta wa ɗan caca halin lafiyarsa kafin wasa. Abin da Bert Bell ya hango a 1947 ke nan. A ɗakin 'yan wasan hoki, mai tausa da mai gyaran takalma da direba duk sun san abin da jama'a ba su sani ba, kuma yanzu akwai mai saye a cikin kowace wayar hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wa ke da haƙƙin sanin me?

Ita ma hujjar farko ta fara tsufa. A yau kowane wasa ana ɗaukarsa daga kusurwoyi da yawa, kowace ƙungiya tana da masu nazarin bidiyo, 'yan wasa kuma suna da wakilai da abokai a ko'ina. A 2017 Ken Hitchcock, gogaggen koci da ke horar da Dallas Stars a lokacin, ya ce zai daina wannan wasan ɓuya, ya riƙa faɗin raunin kai tsaye, domin a ganinsa 'yan wasa ba sa farautar wurin ciwo kamar yadda ake zato. Kaɗan ne suka bi sahunsa. Idan abokin hamayya ya riga ya sani, to wanda ya saura cikin duhu shi ne ɗan kallon da ya biya kuɗin tikiti.

Wannan ba ya nufin a baje takardun asibitin ma'aikaci a kasuwa. Ɗan wasa mutum ne mai iyali, akwai cututtukan da ba ruwan kowa da su, kuma bayanin rauni na iya rage masa daraja ranar sabunta kwantiragi. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan kanta ba ta ɗokin bayyanawa. Gasar ma ta taɓa nuna cewa akwai hanya ta tsakiya. A 2020, lokacin da aka killace 'yan wasa a Toronto da Edmonton saboda annobar korona, an hana ƙungiyoyi faɗin dalilin rashin kowane ɗan wasa, sai dai a ce bai dace ya yi wasa ba, amma gasar ta riƙa fitar da jimillar gwaje-gwaje da sakamakonsu duk mako ba tare da ambaton suna ba.

Daga wannan tarihi ana iya raba haƙƙin sani gida uku. Ɗan wasa ya cancanci cikakken bayani a kan jikinsa daga likitan da ba ya tsoron mai ƙungiya, tare da ikon zaɓar maganinsa. Masu bincike da iyaye sun cancanci alƙaluman raunuka, musamman na ƙwaƙwalwa, a dunƙule ba sunaye. Jama'a kuwa, tun da gasar ta karɓi kuɗin kamfanonin caca, sun cancanci sanin wa zai buga da wa ba zai buga ba, a lokaci guda da kowa. Ma'aunin da ke raba rufin asiri da rufa-rufa shi ne a duba wanda zai yi asara idan aka yaye mayafin. In ɗan wasa ne, a bar masa sirrinsa. In kuwa wanda ya tura shi fili ne, to mayafin ya daɗe da sauya mai shi.